Shekarar da Na Yi Goyo a Ƙirji

Tun kuna ƙanana kuke jin gwaggwanninku suna cewa ni ba ni da kunya, wai tun haihuwar fari na zubar da ita a tsakar gidan surukai ban koma na tsinta ba. Ban taɓa tanka musu ba, har ku ma kuka ɗauki zancen kuka mayar da shi abin tsokanata. To yanzu yawancin masu faɗin sun riga mu gidan gaskiya, ni ma ido ya fara gajiya, shi ya sa na ga gara in rubuta muku yadda abin ya faru. Ba na neman a wanke ni. Abin da suka ce na yi, na yi shi, kuma da za a mayar da ni wannan shekarar sai na sake.

Shekaru kaɗan ne kafin Turawa su tattara su tafi. Babanku, Malam Haruna, tela ne a Tudun Wada, yana ɗinka wa akawuna da ma'aikatan asibiti wando da taguwa a wani ɗan shago bakin hanya. Gidan da aka kai ni ɗaki uku ne da zaure, mu da mahaifiyarsa Inna Dije. Mace ce doguwa marar yawan magana, in ta kalle ka sau ɗaya sai ka duba jikinka ko ka yi wani laifi. Ba ta taɓa zaluntata ba, wannan kam sai in faɗa. Amma tsoronta nake ji kamar me. A al'ada, mai cikin fari gidan iyayenta take komawa ta haihu, ta yi wanka, ta dawo da ɗanta a baya. An shirya kawuna zai zo daga ƙauyenmu can bayan Giwa ya tafi da ni in ciki ya shiga wata takwas. Sai marka ta sauka, aka yi kwana da kwanaki ana ruwa, rafin da ke hanyarmu ya cika ya batse. Ina cikin wata na bakwai, da hantsi ina surfen gero, na ji wani abu ya tsinke a marata. Kafin azahar na haihu a ɗakina, a gidan miji, inda ba a so mai haihuwar fari ta haihu.

Iya Tabawa ce ta karɓi haihuwar, wata tsohuwar ungozoma mai shan taba gari da ke bayan gidanmu. Da wutsiyar ido na ga abin da ta ɗago. Jawur take, fatar kamar ka hura ta yage, kunnuwan a naɗe, duk tsawonta bai wuce daga tafin hannun Iya zuwa gwiwar hannunta ba. Ta yi wani ɗan kuka kamar na ɗan kyanwa, ta yi shiru.

"Mace ce," in ji Iya Tabawa. "Bakwaini. Rai dai na Allah ne."

Inna ta karɓe ta, ta shafe ta da man shanu, ta naɗe ta cikin auduga, ta sa a wani ɗan kwando ta wuce da ita ɗakinta. Ni ko kai ban ɗaga ba, don haka ake so.

Ku 'yan yanzu da kuke rungume 'ya'yanku a gaban kowa kuna musu kiss, ba za ku gane kunyar ɗan fari ba. A zamaninmu uwa ba ta kallon ɗanta na fari a gaban mutane, ba ta ɗaukarsa sai an tilasta mata, ba ta kiran sunansa har ta mutu. In ya yi kuka sai ta kau da kai kamar na maƙwabta ne. Da za a ba ta shi ta shayar, sai an yi ta lallashi, wani lokaci har da rankwashi. Wadda ta fi kowa nuna ko-in-kula ita ake yaba wa, a ce 'yar gidan mutunci ce. Wannan a gidan iyayenta ke nan. To balle ni da nake gaban uwar miji. Bayan haka kuma ba a ba jariri nono sai an kwana uku, wai dakashi, wato ruwan nonon farko mai kauri, cuta ne. Sai a riƙa ɗiga masa ruwan ɗumi kafin nan.

Haka na kwana ɗaya. An yi min wankan jego safe da yamma da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya, an ba ni kunun kanwa, ina yi ina kasa kunne. Gidan da aka yi haihuwa ai da kuka ake gane shi. Namu shiru kamar an yi ɗauke. Mata suka fara shigowa barka, kowacce ta shiga ɗakin Inna ta buɗe audugar ta taɓa, ta fito tana taɓe baki. Ba sa ma rage murya.

"Wannan ba mai zama ba ce."

"Baƙuwa ce, ta zo gaisuwa."

Ina zaune a bakin gado kaina a sunkuye ina wasa da bakin zane, kamar ba da ni ake ba. Ƙirjina ya cika ya yi tam yana min zogi, cikina kuwa tsoro ne fal. Tunani ɗaya nake yi, za ta mutu a ɗakin can ban ko san fuskarta ba.

Rana ta biyu da la'asar ruwa ya ɗan tsagaita, Inna ta leƙa maƙwabta neman busasshen itace don na wanka ya jiƙe. Gidan ba kowa. Na ce bari in duba sau ɗaya in dawo. Ɗakin Inna a rufe yake, ta ajiye kaskon garwashi kusa da kwandon don ɗumi, hayaƙi ya cika ko'ina har ya sa ni tari. Na durƙusa na buɗe audugar. Kanta ne kawai da ɗan ɗumi. Da na taɓa ƙafarta sai na ji ta kamar gindin randa. Na zuba wa ƙirjinta ido, ya ɗaga, ya sauka, ya ɗaga, ya sauka, sai ya tsaya. Na fara salati. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba, sai da na shafa bayanta sannan ta ja wani numfashi kamar an fizgo shi. Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Na sassauta ɗaurin ƙirjina, na zare ta daga audugar, na manna ta a jikina tsakanin nonuwana, na mayar da zane na rufe. Niyyata ta ɗan yi ɗumi in mayar kafin Inna ta dawo.

Na fito da ita bakin ƙofa inda babu hayaƙi na zauna. Can na ji 'yan ƙafafun sun daina min sanyi a ciki. Can kuma na ji bakinta yana motsi a fatata. Na matso ɗigo ɗaya na dakashin nan da ake ce wa cuta, na shafa mata a leɓe. Ta lashe. Na ƙara, ta lashe. Ina cikin haka na ji an jefar da itace a tsakar gida.

"Me nake gani haka?"

"Inna, ta yi sanyi ne."

"Mayar da ita inda kika ɗauko ta."

Na ƙara ƙanƙame ta.

"Hajara, da ke nake. Ɗiyar fari ce fa. Ko a garinku ba a gaya miki ba?"

"An gaya min, Inna."

"To?"

"Numfashinta yana tsayawa. A jikina bai tsaya ba."

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Ba ni ita."

Ta miƙo hannu biyu. Na miƙe, na raɓa ta gefenta na shige ɗakina na saki labule. Wannan ne karo na farko da na ƙi bin maganar babba a rayuwata, kuma na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Inna ba ta biyo ni ba. Daga ranar ta daina yi min magana baki da baki, sai dai ta aiko Iya Tabawa.

Ba wanda ya koya min abin da zan yi, yarinyar ce ta riƙa nuna min. Ba ta da ƙarfin kama nono, ta ja sau biyu sai ta gaji ta yi barci. Sai na riƙa tatsa a wani ɗan kofin tangaran daga cikin kayan aurena, ina ɗiga mata da ƙaramin cokali a gefen baki, ɗigo ɗigo, ina jira ta haɗiye kafin in ƙara. Kofin da cokalin nakan tsoma su cikin tafasasshen ruwan wankana kafin a sa ganye, don ƙyamar ƙuda nake. Ba ta kukan yunwa, saboda haka ni nake tashinta. Tsakanin kowace salla da 'yar'uwarta sai na ba ta sau biyu ko uku, da kiran sallar masallacin layinmu nake aunawa. Na daina kwanciya sosai don kada in danne ta, sai in jingina da bango in tokare bayana da matashi. Kowane lokaci hannuna ɗaya yana kan bayanta ina ƙirga numfashi. In na yi gyangyaɗi na farka, abin da nake fara yi shi ne in taɓa ƙafarta. Har yau in na ɗauki jariri ƙafa nake fara taɓawa, kuna ta min dariya.

Lokacin wankan jego ne ya zama matsala, don ba yadda za a yi in shiga tururin nan da ita. Iya Tabawa ta yi ta mita.

"Ni shekara nawa ina wannan aiki, ban taɓa ganin goyo ta gaba ba. Ke biri ce?"

Amma da na ce in ba za ta riƙe min ita a jikinta ba to na bar wankan, sai ta tofar da tabarta, ta wanke hannu, ta sassauta zane ta cusa ta. Daga nan wata maƙwabciya ce ke min wankan, Iya tana zaune a ɗaki da yarinya a ƙirji tana zagina ƙasa-ƙasa. Ita jaririyar kuwa na hana a yi mata wanka, sai dai in goge ta da tsumma mai ɗumi gaɓa-gaɓa, sauran jikin a rufe.

Babanku shi ma kunyar ta ɗaure shi. Ba zai iya tambayar lafiyarta ba, ba zai iya leƙo ɗakin ba, ga uwarsa ta cika ta yi fam. Da safiyar rana ta uku na ɗaga labule na ga wani ƙunshi a bakin ƙofa. Wata 'yar hula ce ta ƙyallen flanel, da ƙyar dunƙulen hannuna zai shiga, da wani dogon majanyi da ya ɗinka wa igiya huɗu yadda za a ɗaure ta baya. Bai ce shi ya ajiye ba, ni ma ban taɓa yi masa godiya ba har ya rasu. A ranar ce kuma wanzami ya zo cire beli, ɗan naman nan na maƙogwaro da ake yanke wa jarirai. Na ji ƙarar zabirarsa ta askake a zaure. Yarinyar da ko ɗigon nono sai ta huta take haɗiyewa, ina ta ga jinin da za ta zubar? Na aika Iya ta ce ba zan fito da ita ba. Inna ta tsaya a ƙofar zaure ta ce wa ɗanta ya shiga ya yi wa matarsa magana. Sai na ji muryarsa can ƙasa.

"Inna, a yi haƙuri a bari ta yi ƙwari tukuna."

Wanzami ya naɗe kayansa ya tafi. Yayarku Salamatu har yau da belinta take yawo.

Ranar suna ce ta fi kowace rana yi min nauyi. An raɗa suna da safe, mata suka cika gida da rana. A al'ada jaririya hannu-hannu take yi, kowa ta ɗauka ta yi mata rawa, uwa kuwa tana can ƙuryar ɗaki a lulluɓe. Ni ga ni zaune da abu a ƙirji kamar mai ɓoyon kayan sata. Duk wadda ta miƙo hannu sai in ɗan buɗe bakin zane ta ga hula, in rufe. Wata ta shigo tana tari, na juya mata baya. Lokacin ba ta nono ya yi, ɗaki cike da dangin miji, na duba na ga ba mai niyyar fita. Na ɗauko kofina na tatsa a gabansu. Gwaggonku Asabe, yayar babanku, ta tafa hannu.

"Yau kunya ta ƙare a gidan nan. Inna, ina kuka samo wannan?"

Wannan duk na shanye. Abin da ya karya ni shi ne mahaifiyata. Rafi ya janye, ta iso da yamma ƙafafunta duk taɓo, tun daga zaure aka tare ta da labari. Ta shigo ta zauna ba ta ko kalli jikarta ba.

"Kin ja mana zagi, Hajara. Za a ce ban yi miki tarbiyya ba."

"In na sauke ta mutuwa za ta yi."

"In Allah ya rubuta za ta rayu, ko a kwando za ta rayu. In ya rubuta ba za ta zauna ba, kin yi asarar biyu, ba ɗiya ba mutunci."

Ta fashe da kuka, ni ma na fashe. Maganar nan ta shige ni. Me zan ce in yarinyar ta mutu a ƙirjina bayan duk wannan? Cewa za a yi dakashi ne ya kashe ta, ko beli, ko taurin kaina. Mahaifiyata ta kwana biyu ta koma, ba ta tafi da ni wankan gida ba, ba ta kuma sake tako Tudun Wada ba sai bayan shekara uku.

Kwana huɗu bayan suna abin da nake tsoro ya taso. Da safe na ɗiga mata nono ya dawo ta gefen baki. Na jira, na sake, ta ƙi haɗiyewa. Jikinta ya saki, na ga idanunta sun yi ɗorawa-ɗorawa. Mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in, amma wanda ya riga ya jiƙe ba ya tsoron yayyafi. Na yafa mayafi, Iya Tabawa ta biyo ni tana haki, muka taka har asibiti. Duk hanya hannuna yana cikin zane. Wata nas 'yar kudu ce ta karɓe mu, mai ƙiba, Hausarta a karye amma ana ganewa. Ta ɗora ta a sikeli, ta girgiza kai, ta dawo min da ita da sauri tana nuna ƙirjina.

"Wane ne ya ce ki sa shi a nan?"

"Ba kowa."

"Kada ki cire shi. Ko Sarki ya ce ki cire, kada ki cire."

Suka riƙe mu kwana uku har ta koma karɓar nono, idon ya washe. Da za mu tafi nas ɗin ta ja min kunne. Ban da hayaƙi a ɗaki, ban da ruwa ko jiƙo, nono kawai. Duk mai taɓa ta ya wanke hannu da sabulu, mai mura kada ya matso. In ta ƙi ci sau biyu a jere, ko ta yi sanyi, ko numfashi ya canza, in taho ko ana ruwan ƙanƙara. Ta ce kuma in riƙa yi mata magana, in kira sunanta, wai tana ji, kuma da muryar uwa yaro ke buɗe ido ya san duniya. Na ce a raina, baiwar Allah ba ki san abin da kike ɗora min ba. Amma da muka dawo gida na gwada. Na sunkuya na ce, "Salamatu." Bakina ya ji wani iri kamar na yi saɓo. Na sake faɗa. Ta yamutsa fuska ta buɗe ido ɗaya. Daga nan na zama mai surutu, ina ba ta labarin ƙauyenmu, ina mata 'yan waƙoƙin daka, ina shafa mata tafin ƙafa da bayanta. Katangar ɗakina da ta Inna ɗaya ce, na san tana jin komai.

Haka muka yi ta lallaɓawa, rai dangin goro, kullum sai an yayyafa masa ruwa. Tsoro bai sake ni ba ko na yini ɗaya. Wajen sati na biyar ta kama nono da kanta ta ja har ta ƙoshi. Hular flanel ta matse ta. Ta fara kuka na gaske, irin mai hana maƙwabta sakat, ni kuwa daɗinsa nake ji. Duk tsawon wannan lokaci kunun kanwana bai taɓa yankewa ba, kullum zan same shi a bakin ƙofa da zafinsa, amma Inna mai dama shi ba ta ce min ko sannu ba. Kuma kada ku zaci daga baya ta wanke ni a gaban 'ya'yanta. Ba ta yi ba, har ta bar duniya Asabe tana faɗin abin da take faɗa a gabanta tana jin ta.

Kwana biyu kafin arba'in, da hantsi, rana ta fito bayan ruwa, ina zaune a ƙofar ɗakina. Inna ta fito ta tsaya wajen randa. Na ga ta ɗauki sabulu ta wanke hannuwanta har gwiwa, ta goge, ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna a gabana.

"Ba ni ita."

Na yi tunanin kwando, na yi tunanin wanzami. Amma na kwance igiyar na miƙa mata. Ta ɗora ta a cinya, ta ture hular baya kaɗan, ta yi ta kallon fuskar. Ta taɓa kunne, ta taɓa hanci, ta buɗe ɗan tafin hannun ta duba. Ba ni take kallo ba da ta fara magana.

"Haruna ba shi ne na farko ba. Akwai wani kafin Asabe ma. Shi ma wata bakwai."

Ta ci gaba, idonta a kan yarinyar.

"Kwana huɗu ya yi a ɗakin uwar mijina. Ina jin kukansa yana raguwa, ina zaune ina kunya. Da aka zo fita da shi na juya fuskata bango. Har unguwar gaba an yi ta yabona." Ta gyara wa Salamatu hular. "Shekara arba'in ke nan. In aka ce in faɗi kamanninsa ban sani ba."

Ba ta jira in ce komai ba. Ta kai hannu ta taɓa ƙafar yarinyar, ta ɗago ta da sauri ta manna min a ƙirji.

"Ta fara sanyi. Juya."

Na juya. Inna da kanta ta kama igiyoyin nan huɗu ta ɗaure min a baya, ta ja ƙullin sosai har sai da numfashina ya ɗauke.